Iyo a Ada Foah, inda Kogin Bolta yake shiga teku: ina neman shawarar waɗanda suka san wurin

Ɗan Yawuri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da yayye da ƙannen da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Ni haifaffen Yelwan Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, kuma tun ban kai shekara 7 ba na iya iyo, domin a unguwarmu yaron da bai iya ruwa ba abin tsokana ne a wajen sa'o'insa. Yanzu shekarata 4 ke nan ina sana'a a Nima, cikin birnin Akra. Matasan masallacinmu sun yanke shawarar yin tafiyar shaƙatawa ta kwana biyu zuwa Ada Foah a watan Disamba, kuma da yake an san ni ɗan bakin ruwa ne, sai aka ɗora mini alhakin duk abin da ya shafi shiga ruwa, ni kuma na karɓa ba tare da na yi dogon tunani ba. Mu 24 ne, ciki har da mata 6 da yara 5 waɗanda babbansu bai wuce shekara 12 ba.

Abin da ban faɗa wa jama'ata ba shi ne, ban taɓa yin iyo a teku ba. Sau ɗaya na je bakin tekun Labadi a nan Akra, ruwa ya zo mini gwiwa, na ji yadda yashi yake zamewa a ƙarƙashin ƙafata idan igiyar ruwa za ta koma, na fito ban ƙara ba. A gida ina iya tsallaka reshen kogi zuwa gungu in dawo ban huta ba, amma zuciyata tana gaya mini cewa wannan ruwan daban yake da wanda na sani. Saboda haka ina roƙon wanda ya san Ada ya bayyana mini inda ya dace a shiga ruwa da inda bai dace ba, da kuma ko gaskiya ne mutum yana iya yin iyo daga gefen gari zuwa ɗaya daga cikin tsibiran da ke cikin kogin, domin akwai samari uku da suka ƙudurta yin haka, suna kuma jiran in ja musu gaba. Haka nan ina son jin yadda ake yi da ƙananan kwale-kwalen roba da baburan ruwa da ake bayarwa haya, da yadda mata za su shiga ruwa cikin sutura ba tare da tufafin sun zame musu matsala ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Sabon Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka yi tambaya tun kafin ku tashi, kuma ka kyauta da ka yarda da abin da zuciyarka ta gaya maka a Labadi. A Sabon Zango aka haife ni, a wannan birni na Akra da kakanninmu suke kira Ankara, kuma na yi shekaru ina zuwa Ada sarin gishiri da kifi, har na saba da masuntan wurin. Daga Akra tafiyar ta ɗan haura kilomita 100 ta hanyar Aflawo, idan kun kai mararrabar Kasseh sai ku saki babban titi ku gangara kudu, ku wuce Big Ada, ku isa Ada Foah.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, ruwan Ada uku ne, ko da yake ido yana ganin su wuri ɗaya. Akwai wani dogon harshen yashi da ya miƙe daga wajen ƙauyen Azizanya zuwa bakin kogin, mai ɗauke da itatuwan kwakwa. Idan ka tsaya a kansa ka fuskanci gabas, tekun Atlantika yana damanka yana ruri, kogin Bolta yana hagunka a kwance kamar ruwan randa, a gabanka kuma, inda yashin ya ƙare, nan ne su biyun suke haɗuwa. Kowane ɗaya da hukuncinsa, kuma gwanintarka ta Yawuri a guda ɗaya kawai za ta yi maka cikakken amfani.

Bari in fara da teku, domin a nan na kusa barin duniya. Ina da ƙarfi a lokacin, ina kuma ji da kaina. Na tsaya a gaɓa ina kallon raƙuman ruwa suna fashewa da farin kumfa dama da hagu, sai na hango wani ɗan tsakani inda ruwan ya lafa, babu kumfa, launinsa ya ɗan yi duhu da gurɓacewar yashi. Na ce a raina ga wurin da ya fi sauƙi, na shiga. Ruwa bai wuce ƙirjina ba na ji ƙasa ta kuɓuce mini. Na juya na fuskanci gaɓa na shiga iyo da dukkan ƙarfina, ina ɗaga kai ina duban wata kwakwa da na ajiye takalmana a gindinta, amma duk ɗagowar da zan yi sai in ga ta ƙara ƙanƙancewa. Ba wani abu da ya ja ni ƙasa, waje kawai ake tafiya da ni, kamar an ɗora ni a kan tabarma ana ja. Wani masunci da ke zaune yana ɗinkin taru ya miƙe yana ihu da Dangme, yana wurga hannunsa gefe, yana nuna mini gabas. Ban ji harshensa ba, amma na gane hannunsa. Na kwanta rigingine har numfashina ya dawo, sannan na yi iyo a gicciye, ina bin tsawon gaɓar maimakon in tunkare ta, kuma ban yi nisa ba na ji jan ya sake ni, igiyar ruwa ta ɗauke ni ta maka ni a yashi har ƙirjina ya goge. Na yi aman ruwan gishiri a gaban yaran ƙauye, kuma wurin da na fito ya yi nisa ƙwarai da inda takalmana suke.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Ruwan da igiyoyi suke tarawa a gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya fasa wata kwata a cikin tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa ya bi ta nan da gudu. Wannan kwatar ba ta cika faɗi ba, sau da yawa ba ta kai mita 30 ba, amma gudunta idan ta yi ƙarfi yakan wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya, abin da ko zakaran iyo na duniya ba zai iya yi wa gaba da gaba ba. Ba ta nutsar da mutum da kanta, gajiya da firgita ne suke nutsar da shi. Abin takaicin kuma shi ne, ta fi yaudarar wanda ya iya ruwa, domin wanda bai iya ba a gwiwa yake tsayawa, gwani kuwa shi ne yake neman inda ya lafa ya shiga. Gaɓar Ada ga ta da gangare, taku uku ko huɗu ruwa ya shanye mutum, kuma kada ka sa ran ganin ma'aikacin ceto yana zaune yana gadin ku a mafi yawan tsawonta. Shawarata ita ce a gefen teku kowa ya tsaya iya idon sawu zuwa ƙwauri, yara kuma hannunsu yana cikin na babba.

Bakin kogin kuwa, inda ruwan biyu suke karo, wannan ba wurin iyo ba ne ga kowa, ko Basarke ne ɗan Basarke. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa kimanin awa 6 da 'yan mintoci. Idan yana janyewa, ruwan da ya shigo kogin yana fita, ga na Bolta kansa yana biye da shi, duka ta ƙofa ɗaya, su yi karo da igiyoyin da ke shigowa, ruwa ya miƙe tsaye yana tafasa. Manyan jiragen masunta masu inji ma sai sun tsaya sun karanci ruwan kafin su ratsa.

Saura gefen kogi, wanda shi ne ya yi kama da abin da ka sani, kuma a nan ne mutane suke wanka. Sai dai ko shi ma yana da abin da Kwara ba ta da shi a Yawuri, wato yana sauya alkibla. Da safe ka ga ganye yana tafiya sama, da rana ka ga ya juyo yana gudu zuwa teku. Samarin nan naka uku, idan suka tsunduma lokacin janyewar ruwa suna nufin tsibiri, tsibirin zai wuce su ta gefe suna kallo, su kuwa hanyar bakin kogi za su nufa. Ban ce ba a tsallakawa ba, amma wanda zai yi sai ya jira lokacin da ruwa ya cika ya tsaya cak, da jirgi yana tafe a gefensa, da matuƙi ɗan garin.

Malamar Asibiti ta amsa:

Salamu alaikum. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, amma ina neman izini in ɗan ja da kai a wuri ɗaya, domin kada ɗan'uwanmu ya tafi da fahimtar cewa gefen kogi ba shi da wata illa sai jan ruwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kuma yi aiki a yankin ƙasan Bolta, inda tsargiya ta zama ruwan dare. Malam Ɗan Yawuri ya san ta, tun da a garuruwanmu na bakin ruwa har akwai masu ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro, alhali cuta ce da take cin mafitsara a hankali, a wajen mata kuma takan taɓa al'aura da mahaifa har a yi ta maganin sanyi ba a dace ba.

Yadda take shiga jiki shi ne abin lura. Ba sai an sha ruwan ba. Ƙwayar cutar tana girma a cikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyayin ruwa, ta fito tana yawo, ta huda fatar wanda ya shiga, ko da alwala ya tsaya yi a gefe. Waɗannan katantanwa ba sa rayuwa a ruwan gishiri, shi ya sa babu tsargiya a teku. Kafin a kammala madatsar Akosombo a 1965, ambaliyar kowace shekara tana wanke kogin, ruwan teku kuma yana shiga can ciki. Da aka tare kogin, aka ƙara da madatsar Kpong a 1982, sai gudun ruwan ya daidaita, yashi ya taru ya rage faɗin bakin, gishiri ya daina nisa, ciyayi suka yaɗu, katantanwa suka samu gida. Wannan ne ya sa hukumar da ke kula da kogin ta riƙa yashe bakin domin ruwan gishiri ya samu hanyar shiga. Abin da wannan yake nufi gare ku shi ne, kusa da bakin kogi inda ruwan yake da ɗanɗanon gishiri kuma ƙasansa farin yashi ne, haɗarin tsargiya kaɗan ne, amma jan ruwa ya fi ƙarfi. Idan kuka yi sama inda ruwan ya zama garɗi, ya kwanta, ga kainuwa da ciyawa a gefe, jan ruwa ya ragu amma tsargiya ta ƙaru. Saboda haka a nemi tsaka-tsaki, a guji duk inda aka ga ciyayi, musamman a gefen tsibirai da ƙananan rassa. Wanda ya shiga irin wannan ruwan ya je a gwada shi bayan mako 6 zuwa 8, domin maganin, wato praziquantel, manyan tsutsotsi yake kashewa, shan sa washegarin wanka ba ya hana komai. Goge jiki da tawul da zarar an fito yana da kyau, amma ba abin dogaro ba ne.

Sai maganar yaran nan 5, wadda ta fi damuna fiye da ta samarin. Mutane suna zaton wanda ruwa yake ci yana ihu yana ɗaga hannu. Yawanci ba haka ba ne, domin bakinsa yana nutsewa yana fitowa, numfashin da zai ja ma bai ishe shi ba balle na kira. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage baya, hannuwa suna dannan ruwa a gefe kamar mai son hawa katanga, shiru, kuma cikin abin da bai kai minti ɗaya ba yana iya ɓacewa. A taron mutane da yawa ne aka fi rasa yaro, saboda kowa yana zaton wani yana kallo. Ka raba yaran da suna, wannan na wane ne, wancan na wance ce, kuma wanda aka ba yaro ya ajiye wayarsa, ya tsaya inda hannunsa zai kai gare shi.

Idan wani ya shiga matsala, kada wanda ke gaɓa ya yi tsalle ya bi shi hannu rabbana, domin mai nutsewa yana kama duk abin da ya samu ya danne. Ku tafi da jarkokin nan ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor guda biyu ko uku, babu komai a ciki, murfi a ɗaure tam, kowace da doguwar igiya a hannunta. Jarka ɗaya tana riƙe babban mutum a saman ruwa. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a fara hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba a haka, wani kuma ya kira 112. Kada a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki ko juya shi ƙasa wai don ruwa ya fita. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsala bayan awanni.

Game da 'yan'uwana mata, abin da na gani da idona shi ne doguwar riga da zane da babban hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, su nannaɗe ƙafafu, hijabin kuma ya taso ya rufe fuska. A sa dogon wando mai kama idon sawu, da riga mai dogon hannu wadda ta sauko cinya, na yadi marar nauyi irin na 'yan wasa, da ƙaramin ɗankwali ko hula mai kama kai wadda ba ta zagaye wuya da tsawo. Idan aka ɗora rigar kariya, wato rigar da take hana mutum nutsewa, a sama, ita kanta ƙarin sutura ce. Da sassafe gefen kogin babu jama'a sosai, sai a ware musu wannan lokacin.

Mai Filafili ya amsa:

Ina gaida Baba Alhaji da Hajiya. Ni zan tsaya a kan abin hawa, tun da shi na fi sani, kusan duk hutun da na samu a kan ruwan nan nake ƙarar da shi. Yaya Ɗan Yawuri, Disamba lokaci ne mai kyau, domin teku ya fi haushi daga wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwansa yake yin sanyi kuma igiyoyi suke girma. Sai dai idan tafiyarku ta faɗo cikin hutun Kirsimeti, kogin yakan cika da jirage masu gudu da baburan ruwa, kuma a ganina wannan ya fi komai haɗari ga mai iyo. Kan mutum a cikin ruwa bai fi kwakwa girma ba, ga hazon hunturu, ga matuƙin da watakila ranar ce ya fara hawa. Samarin da suke son tsallakawa su sa hula mai launi mai ɗaukar ido, ja ko ruwan lemo, kowa ya ɗaura jarka ko balan-balan ɗin iyo a ƙugunsa tana biye da shi, jirgin rakiya kuma ya tsaya ta ɓangaren da sauran jirage suke fitowa.

Ƙaramin kwale-kwalen roba da ake kira kayak ba zai ba ka wuya ba, kai da ka saba da na itace, sai dai filafilinsa baki biyu gare shi kuma a zaune ake tuƙa shi da ƙafafu a miƙe. Dokar da nake bi ita ce in fara tafiya ina fuskantar jan ruwa tun ina da ƙarfi, in dawo ruwa yana tura ni. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya, ya sha wuyar dawowa, musamman da yake iska takan taso daga teku bayan azahar. Babur ɗin ruwa kuwa yana da wata ɗabi'a da take ruɗar 'yan acaba: ruwan da yake fesowa ta baya shi ne yake juya shi, saboda haka idan ka tsorata ka saki wuta gaba ɗaya, kan ba zai juya ba ko ka murɗa, zai ci gaba da zamewa zuwa abin da kake gudu. Akwai igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu wadda take kashe injin idan mutum ya faɗi, kada kowa ya hau ba tare da ita ba, kuma kada a ba yaro.

Rigar kariya a duba ta da hannu kafin a biya kuɗi. An taɓa ba ni wata a wani wurin haya, da na ja maɗaurinta sai ya tsinke a hannuna, soson cikinta kuma ya mutu kamar tsohuwar katifa, amma mai wurin yana ta rantsuwa cewa sabuwa ce. A sa ta, a ɗaure, wani ya kama kafaɗun ya ja sama. Idan ta haura kunne, ta yi yawa, a ruwa za ta zame ta bar mai ita. Ta manya ba ta yi wa yara, kuma ba kowane mai jirgi ne yake da ƙanana ba, gara ku saya a Akra ku tafi da su. Ku 24 kada ku yarda a cusa ku jirgi ɗaya don sauƙin kuɗi, kuma ku dawo gaɓa kafin magariba.

Ina kuma roƙon kada ruwa ya ɗauke muku hankali daga sauran abin da ke wurin. Yawon jirgi tsakanin tsibirai, irin su Pediatorkope, yana ratsa dazukan itatuwan da suke tsiro a cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, kuma a sama kaɗan za ku ga masu nutso suna ciro ƙumba daga ƙasan kogi, wasunsu da dogon tiyo na iska a baki, don haka matuƙi ya rage gudu kusa da jiragensu. Yamma da garin akwai tafkin Songor, inda gishirin Ada yake fitowa, wanda aka sa cikin dausayoyin duniya masu kariya a 1992, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da shi a matsayin yankin kare halittu a 2011. Wannan gishirin ne a zamanin da ake lodawa a jirage a hau da shi Bolta har garin Kete Krachi, inda fatakenmu suka yi zango bayan yaƙin Salaga na 1892. Disamba kuma tsakiyar lokacin da kunkurun teku suke fitowa da dare su haƙa rami a yashi su zuba ƙwai, har da irin babban nan mai baya kamar fata wanda yakan kai nauyin ɗaruruwan kilo. Dokar Gana ta hana kama su ko kwashe ƙwansu. Akwai ofishin ma'aikatan kula da namun daji a Ada, su ne suke fita da baƙi kallon su, kuma za su hana ku haska tocila ko fitilar waya, domin haske yana sa uwar ta fasa ta koma ruwa.

Ɗan Yawuri ya sake rubutawa:

Baba Alhaji, Hajiya, da ɗan'uwa Mai Filafili, Allah ya biya ku, ya jiƙan magabata. Na karanta wa samarin labarin kwakwar nan da take ƙanƙancewa, ɗayansu ya janye da kansa, biyu sun yarda da sharaɗin jirgin rakiya. Na kuma sa an fara tara kuɗin rigunan yara. Tambaya ɗaya ta rage mini. Mun zaɓi ranakun da suka dace da 14 da 15 ga watan Musulunci, saboda muna son farin wata a bakin teku da dare. Ko wannan yana da wata alaƙa da cika da janyewar ruwan da Baba ya ambata, ko kuwa duk ranakun ɗaya suke?

Tsohon Sabon Zango ya amsa:

Ɗana, ba ɗaya suke ba, kuma ka zaɓi ranakun da ruwa ya fi ƙarfi. Wata ne yake jan teku, rana tana taya shi. Idan suka daidaita a layi ɗaya, wato a tsayuwar wata da kuma daren 14 da kwana ɗaya ko biyu da ke biye, cikar takan kai matuƙa, janyewar ma haka, kuma ruwan da ke fita ta bakin kogi ya fi gudu. A wajen 7 da 8 ga wata, ko 22 da 23, bambancin yakan ragu, ruwan ya yi laushi. Idan tsallakawar nan tana da muhimmanci a wajenku, ku matsar da tafiyar da mako ɗaya. Idan kuwa farin watan kuka fi so, ku riƙe ranakunku, a yi wanka a gefen kogi inda bai wuce ƙugu ba, a bar tsibiri sai a jirgi.

Ko wanne kuka zaɓa, ka nemi jadawalin cikar teku na tashar Tema a wayarka, domin shi ne mafi kusa da za ka samu cikin sauƙi, ka kuma tuna cewa lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, kuma a cikin kogi yakan ɗan makara a kan na teku. Da kun sauka, kafin kowa ya cire takalmi, ka je wajen masu jirgi ka gaishe su, ka nuna wa dattijon cikinsu jadawalin, ka tambaye shi ƙarfe nawa ruwa zai tsaya gobe da safe kuma a ina 'ya'yansa suke wanka.